Yadda za ka tsare kuɗinka idan asusu ko banki ya haɗe da wani, ko aka rufe shi

Mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne ga tara kuɗi a hannu ɗaya. Adashi ya girmi kowane banki a garin nan, kuma a jihar nan ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Sai dai akwatin da mata ke buɗewa a gaban juna a tsakar gida daban yake da asusun ajiya da bashi mai ofishi da ma'aikata, wanda jama'a ke kira kes, kuma daban yake da banki. A adashi kowa ya san ƙofar gidan uwar adashi. A kes ko a banki kuwa, ranar da aka wayi gari ƙofa a garƙame da takarda manne a jikinta, doka ce kaɗai ke faɗin wanda za a fara biya, da nawa za a ba shi, da wanda zai yi jira. Dattawanmu sun ga irin wannan rana da idonsu lokacin da bankin BDRN ya durƙushe a 1990, aka kafa SONIBANK a madadinsa. Abin da ke biye bayani ne na matakan da mai ajiya zai ɗauka tun ƙofa tana buɗe, da waɗanda zai ɗauka bayan an rufe ta.

Ka fara sanin irin gidan da ka kai kuɗinka

Dokokin da ke tafiyar da bankuna da asusai a Nijar ba na Nijar ba ne ita kaɗai. Ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, wato Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo, suna tsara doka ɗaya a majalisar ministocin ƙungiyarsu ta UMOA, sannan kowace ƙasa ta shigar da ita cikin dokokinta. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta fitar da ita daga wannan tsari na kuɗi ba. Babban bankin ƙasashen, BCEAO, yana da mazauninsa a Dakar, yana kuma da reshe a nan Maraɗi, yayin da hukumar da ke sa ido a kan bankuna, wadda aka kafa a 1990, take zaune a Abijan.

Asusai kuwa sun sami dokarsu ta farko a 1993, wadda aka fi sani da PARMEC, aka maye gurbinta da wata a 2007, sannan a watan Disamba na 2023 majalisar ministocin ta amince da sabuwar doka ta bai ɗaya a kan cibiyoyin ƙananan rance. Ginshiƙin dokokin nan bai sauya ba: babu wanda ke da ikon karɓar ajiyar jama'a a matsayin sana'a sai da takardar izini daga ministan kuɗi, kuma tun daga dokar 2007 ba a ba da ita sai bayan BCEAO ya duba takardun ya amince. A Nijar akwai hukumar ARSM, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, kuma aikinta shi ne lura da waɗannan asusai.

Saboda haka matakin farko shi ne ka nemi ganin takardar izinin da lambarta. Kada ka ji nauyin tambaya, domin gidan da ke da izini ba ya ɓoye shi, sau da yawa ma za ka tarar an rataye shi a bango kusa da inda ake karɓar kuɗi. Ka lura cewa rajistar kasuwanci ko takardar amincewa da ƙungiya daga ofishin magajin gari ba izinin karɓar ajiya ba ne, ko da an sa musu hatimi goma. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, BCEAO yana wallafa sunayen bankunan da ke da izini a shafinsa na intanet, sunayen asusai kuma ana samunsu a wurin ARSM.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma kaɗan ne ke yin ta: shin wannan asusu yana cikin waɗanda babban banki ke bincika kai tsaye? A ƙarƙashin dokar 2007, asusun da ajiyar da ke hannunsa ko bashin da ya bayar ya kai sefa miliyar 2 shekara biyu a jere yana shiga ƙarƙashin binciken BCEAO da hukumar Abijan, kuma ma'aikatan asusai suna kiran irin wannan da "na aya ta 44". Ka riƙe wannan suna, domin a kansa maganar diyya za ta tsaya idan an zo rufewa.

Akwai kuma ma'auni mai sauƙi na gane gidan da bai kamata ka shiga ba. Tun 2014 iyakar abin da asusu zai ɗora a kan bashi, haɗe da duk kuɗin takardu, shi ne kashi 24 cikin ɗari a shekara. Wanda doka ta hana ya ci fiye da jikka 24 a kan jikka 100 a shekara guda, ta ina zai samo ribar jikka 10 da yake yi maka alkawari duk wata a kan ajiyarka ta jikka 100? Idan ka ji irin wannan alkawari, ka sani cewa da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, kuma ranar da shiga ta tsaya biya ma zai tsaya.

Karne da rasit

A nan zan daɗe, domin a nan na ga mutane sun fi yin asara, kuma asarar da ake iya kauce mata ba tare da an kashe ko dala ba.

Innata, ƙanwar mahaifiyata, tana sana'ar man gujiya da ƙuliƙuli. Shekara da shekaru wani yaro mai babur daga kes ɗinsu yana zuwa ƙofar gida ranakun Litinin da Juma'a bayan an tashi daga kasuwa, ta ba shi abin da ya sawwaƙa, wata rana jikka biyu, wata rana jikka biyar. Da farko yakan rubuta a karne, wato ɗan littafin ajiya, ya sa hannu. Da sabo ya yi yawa sai ya fara cewa ya manta biro, ko ya ce zai haɗa ya rubuta a ƙarshen wata, ita kuma ta ɗauke shi tamkar ɗan cikinta. Ranar da labari ya bazu cewa kes ya daina biya, ta ciro karnen daga ƙasan kwalla, a naɗe cikin leda, leda cikin ɗankwali, ta miƙo mini. Na buɗe na ga rubutu na ƙarshe ya kusa wata bakwai.

Na ce, "Inna, ina na watannin nan?"

Ta ce, "Ɗana, ai ya sani, ni ma na sani, Allah kuma ya sani."

Gaskiya ta faɗa, amma mutumin da aka turo ya lissafa dukiyar kes bai san yaron ba, bai san Inna ba, abin da ke rubuce kawai ya sani. Abin da ke cikin karne ya shiga lissafi, na wata bakwai kuwa har yau ba a gan shi ba.

Don haka kowane kuɗi da ya bar hannunka ya zamana an rubuta shi nan take a karne, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi, ko a ba ka rasit mai lamba. Idan mai zagayen karɓar kuɗi ne ke zuwa maka, ka riƙa zuwa ofis da ƙafarka aƙalla sau ɗaya a wata uku, ka sa a gwada abin da ke karne da abin da ke kwamfuta, domin idan an rufe asusu aka zo warware dukiyarsa littattafan ofis ake fara buɗewa, karnenka kuma shi ne hujjarka idan an sami saɓani. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka aika wa wani amintacce, saboda gara da ruwan damina ba sa tambayar darajar takarda. Wanda ba ya karatun boko ya tafi da ɗansa ko jikansa mai karatu, kada ya dogara da karatun wanda ya karɓi kuɗin.

Ka kuma duba sunan da aka rubuta. Mutane da yawa sun buɗe ajiya da sunan da aka fi saninsu da shi a unguwa, alhali katin ɗan ƙasa yana ɗauke da wani suna dabam, ko an rubuta sunan miji a madadin na uba. Gyaran wannan yau aikin rabin sa'a ne a gaban mai kula da reshe, amma bayan an rufe gida yana iya zama zirga-zirgar watanni tsakanin kotu da ofis. Shugabannin ƙungiyoyin mata da na manoma su tabbata sunayen masu sa hannu a ajiyar ƙungiya na waɗanda ke raye ne kuma suna gari, su kuma ajiye littafin da ke nuna rabon kowane mamba, domin asusu ƙungiyar ya sani a matsayin mai ajiya ɗaya.

Ajiya dabam, hannun jari dabam

Ranar da ka shiga asusu irin na haɗin gwiwa ka biya kuɗi iri biyu ko uku: kuɗin shiga wanda ba ya dawowa, da hannun jari, sannan ajiyarka. Ajiya bashi ce da kake bin asusu. Hannun jari kuwa shi ya mai da kai ɗaya daga cikin masu gidan, kuma mai gida shi ne na ƙarshe wajen karɓa idan an zo rabo. Doka ta ce alhakin mamba a kan bashin da ake bin asusu ya kai aƙalla darajar hannun jarinsa, kuma dokokin cikin gida na asusun na iya ɗaga shi sama da haka, saboda haka ka nemi a karanta maka wannan sashe kafin ka ƙara sayen hannun jari.

Amma zama mai gida yana da ƙarfinsa, wanda yawancinmu muke bari ya tafi a banza. A babban taron mambobi kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, da Alhajin da ke loda tireloli na aya da wake zuwa Jibiya, da mai tallar fura. Wajibi ne a kira wannan taro cikin wata shida bayan rufe lissafin shekara, kuma a nan ake zaɓen kwamitin gudanarwa, da kwamitin ba da bashi, da kwamitin sa ido. Ka je, kada ka tsaya ga shan lemo da karɓar kuɗin mota. Ka tambayi nawa ne bashin da lokacin biyansa ya wuce ba a biya ba. Ka tambayi nawa shugabanni da ƴan uwansu suka ranta, domin a ganina babu abin da ya fi kashe asusai kamar bashin da aka ba na gida don kunya, aka kuma kasa tambayarsa don kunya. Ka tambayi ko an ware kashi 15 cikin ɗari na rarar shekara an zuba a ajiyar ko-ta-kwana kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Idan shekara ta wuce ba a kira taro ba, ko aka fara ce maka ka dawo jibi a kan jikka 50 naka na kanka, ku haɗu ku rubuta wa kwamitin sa ido, ku aika kwafi ga ARSM, ku riƙe shaidar cewa an karɓi wasiƙar.

Idan aka ce za a haɗe

Haɗewa ba mutuwa ba ce, sau da yawa ma ita ce hanyar ceton ƙaramin asusu da ya gaza ɗaukar nauyin kansa. A ɓangaren bankuna kuma, tun da majalisar ministocin UMOA ta ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga sefa miliyar 10 zuwa miliyar 20 a watan Disamba na 2023, bai kamata labarin haɗewa ko sayar da hannun jari ya ba kowa mamaki ba.

Asusu ba ya haɗewa da wani don shugaba ya ga dama. Sai kwamitocin gudanarwa na ɓangarorin sun amince, sannan babban taro na musamman na kowane asusu ya kaɗa ƙuri'a, sannan ministan kuɗi ya ba da izini bayan amincewar BCEAO. Sabon gidan yana gadon komai, da dukiya da bashi, wato ajiyarka tana nan yadda take, bashin da ake bin ka ma yana nan da sharuɗɗan da ka sa wa hannu. Kafin ranar haɗewa ka karɓi takardar da ke nuna ragowar kuɗinka, mai hatimi da kwanan wata, ka gwada ta da takarda ta farko da sabon gidan zai ba ka, domin wajen kwashe sunaye daga wata kwamfuta zuwa wata ne lambobi ke ɓata. Idan sun karɓi tsohon karne don su ba ka sabo, kada ka sake shi sai ka ga an rubuta ragowar daidai. A taron kuma ka tambayi yadda za a ƙimanta hannun jarinka, da ko reshen garinku zai ci gaba da aiki, domin ga mutumin Dakoro ko Mayahi rufe reshe na nufin kuɗin mota da yinin rana guda a kan kowace fitar da kuɗi.

Riƙon ƙwarya da rufewa

Idan hukuma ta ga gida ya fara tangaɗi, tana iya dakatar da shugabanninsa ta naɗa mai riƙon ƙwarya. Wannan ba rufewa ba ce tukuna. Ana iya taƙaita abin da kowa zai fitar na wani lokaci, kuma duk da zafin hakan, manufarsa ita ce kada masu ƙarfi da masu jin labari da wuri su kwashe komai su bar talaka da karne. A wannan lokaci ne masu neman banza ke yawo suna sayen karne a rabin kuɗinsa, ko suna cewa suna da hanya a ciki idan an ba su na goro. Kada ka sayar, kada ka bayar.

Rufewa iri biyu ce. Akwai wadda mambobi ke yanke wa da kansu, wadda sai kashi uku cikin huɗu nasu sun yarda a babban taro na musamman, akwai kuma ta dole, wadda ke zuwa daga hukuma ko kotu, galibi bayan an janye takardar izini. Ko wacce ce, ana naɗa mai warware dukiya, wanda zai karɓo basussuka, ya sayar da kadarori, ya biya masu bin gidan bisa jerin da doka ta tsara. Kuɗin shari'a da wani kaso na albashin ma'aikata suna gaba, masu ajiya na biye da su, masu hannun jari kuma sai in an sami saura. Abin da ya rage bayan an mayar da hannun jarin asusu ba a raba shi ga mambobi, ana miƙa shi ga wani asusu ko ga ayyukan taimakon jama'a.

A nan ne maganar aya ta 44 ke dawowa. Ƙasashen UMOA sun kafa gidauniyar lamunin ajiya a 2014, wadda yanzu ake kira FGDR-UMOA, da mazauni a Dakar. Idan banki ya gaza mayar da ajiya, gidauniyar tana biyan kowane mai ajiya har zuwa sefa miliyan 1 da jikka 400, idan kuma asusu ne da ke cikinta, har zuwa jikka 300. Iyakar ta mutum ce a gida ɗaya, ba ta kowane karne ba, don haka buɗe ajiya uku a asusu ɗaya ba ya ninka ta. Mai jikka 250 a babban asusu zai sami kuɗinsa cif. Mai jikka 800 zai sami 300, sauran 500 kuma ya jira abin da mai warware dukiya zai tattaro. Ƙananan asusan da ba su kai matsayin aya ta 44 ba kuwa ba sa cikin wannan lamuni, kuma su ne suka fi kusa da mutanen karkara, abin da ni a ganina gibi ne da ya cancanci a yi ta magana a kansa har a cike shi. Kafin nan, wanda ya sayar da amfanin gona ko dabbobi ya tara kuɗi mai kauri ya raba shi gida biyu ko uku, yana la'akari da waɗannan iyakoki.

Da zarar an sanar da rufewa, ka saurari rediyo, ka karanta takardar da aka manna a ƙofa, ka rubuta sunan mai warware dukiya da inda yake zama da wa'adin da ya bayar. Ka je da katin ɗan ƙasa da karne da rasit, ka duba sunanka da adadin kuɗinka a jerin da aka fitar, ko da an ce maka ba sai ka zo ba. Ka ba da kwafi, ka riƙe na asali. Idan adadin bai yi daidai ba ka rubuta ƙorafi kafin wa'adi ya cika, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Masu ajiya na unguwa ɗaya ko kasuwa ɗaya su naɗa wakilai biyu ko uku masu bin sawun maganar, domin an fi sauraron jama'a, kuma kuɗin lauya ya fi sauƙi idan an raba.

Wanda ake bi bashi kada ya ɗauka rufewa ta yafe masa. Bashin yana nan, kuma da shi za a biya maƙwabcinsa mai ajiya, wanda wataƙila marainiya ce ko tsohuwa irin Inna. Sai dai daga ranar da aka naɗa mai warware dukiya, shi kaɗai ko wanda ya wakilta a rubuce za ka ba kuɗi, ba tsohon ma'aikacin da ka saba da shi ba. Idan kana da ajiya kuma ana bin ka, ka nemi a yi maka lissafin biyun a rubuce. Ranar da ka gama biya ka karɓi takardar shaidar kammalawa, ka kuma karɓo takardar fili ko ta gida da ka ba da jingina, kada ka bari sai an kwashe kayan ofis zuwa Yamai.

Idan mai ajiyar ya rasu, magada su tanadi takardar mutuwa da takardar gado daga kotu, tare da shaidar wanda iyali suka wakilta, su kai tun wa'adi bai wuce ba. Ƴan kasuwarmu masu ajiya a Katsina ko Kano kuma su sani cewa can wata doka ce: hukumar NDIC ce ke lamuni, kuma tun 2024 iyakarta naira miliyan 5 ce a bankin kasuwanci, naira miliyan 2 a bankin ƙananan rance. Takardar da ka samu a Maraɗi ba ta aiki a can, ta can ma ba ta aiki a nan, don haka kowace ajiya a yi mata ledarta dabam, a rubuta sunan gidan da lambar ajiyar a bayanta, a kuma nuna wa mutum ɗaya a cikin iyali inda aka ajiye su.